Takabar da Ta Tafi da Numfashin Autarmu

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara wannan ciwon ba, wani abu ya same mu wanda har yau in na shiga gidan gaisuwar mutuwa sai ya faɗo mani a rai. Ni ban yi boko ba, ɗiyata ce ke riƙe da waya, ina faɗa tana rubuta maku, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mani magana. Labarin ƙanwata ne, autarmu, Allah Ya jiƙanta.

A Kunduru aka haife mu. Innarmu ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, a kan wannan sana'a muka tashi. Ni da aure ya kawo ni Kankiya sai na bar ta, don maigidana ba ya son ƙaurin suya a gida, na koma saƙar faifai. Ita kuwa Auta wani ƙauye aka kai ta bayan Kusada, ta wajen Kaikai, ta tafi da sana'ar Inna ta riƙe ta hannu biyu. Wanda bai taɓa yi ba bai san wahalarta ba. A soya gyaɗa, a murje, a kai niƙa, a dawo a tuƙa a matse mai, sannan a zauna gaban kasko ana suya tun hantsi har la'asar. Ɗakin girkinta ɗan guntu ne ba taga, bangon ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Kara, ɗanyen itace, busasshen kashin shanu, duk abin da wuta za ta ci turawa take yi. Da wannan kaskon ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da shi ta tara awakinta.

Tarin ya daɗe tare da ita. Mu a wurinmu mai suya ba ta rabuwa da tari, ba wanda ya ɗauke shi ciwo. Sai da ta kai in ta ɗebo ruwa a rijiya sai ta sauke tulu a hanya ta dafa bango tana haki, sannan hankalinmu ya fara tashi. An sha saiwa, an sha sassaƙe, an sha zuma da citta. Har turare aka riƙa yi mata, ta lulluɓa da zane a kan garwashi. Ni da kaina na kai mata wani ƙulli daga kasuwa, ina ta cika baki wai shi ne ƙarshen tarin. Macen da hayaƙi ya cinye, muka yi ta ƙara mata hayaƙi.

Mijinta ne ya gaji ya ɗauko ta ya kawo ta asibiti nan Kankiya. Malam take ce mashi, amma ba malamin allo ba ne, manomi ne, yana ɗan taɓa sayen hatsi ranar kasuwa. Muna tsoron tarin fuka ne, aka auna majina aka ɗauki hoton ƙirji aka ce ba shi ba ne. Likita ya yi bayani ina zaune. Ya ce hayaƙin shekara da shekaru ne ya lalata mata huhu, abin da ya lalace ba zai gyaru ba, amma sauran da ya rage ana iya tattalinsa ta daɗe tana harkokinta. Ya ce ita da murhu sun rabu. Ya ba ta maganin shaƙa iri biyu, irin wanda ake sawa a baki a danna a zuƙa. Ɗaya shuɗi, na lokacin da numfashi ya sarƙe. Ɗayan na kullum ne, safe da yamma, ko tana jin daɗi ko ba ta ji. Ya ce kuma duk wata a kawo ta a saurari ƙirjin.

Auta tana son shuɗin, don tana dannawa take jin ƙirji ya buɗe. Na kullum ɗin kuwa ta raina shi. Cewa take ba ya komai, sai ɗacin baki. Da ita kaɗai ce da tuni ta jefa shi bayan randa. Amma Malam ya ɗauki abin kamar aikin gona. Ba ya fita da safe sai ta zuƙa a gabansa, ta kuskure baki, sannan ya saɓa fartanya. Ya sa aka mai da girki hannun matar ɗansu, ya ɗauke kaskon suya ya kai gidan maƙwabta ya ce su riƙe. Duk wata zai goyo ta a tsohon babur ɗinsa su zo asibiti, in sun gama su biyo gidana su ci abinci su yi azahar. Yana shigowa zai ce, "Yaya, ga mara lafiyarki na kawo maki, ki duba ko na rage wani abu." Don ya san halina. Ni kowa ya san ni da sa ido, ko tsintsiya aka gusar a gidana sai na tambayi wanda ya taɓa. Ina kuwa dubawa, in kalli ƙafafunta, in kalli idonta, in tambaye shi ko ta yi fashi. Sai ya yi dariya ya ce shi ne ƙaramin likita, babban yana asibiti.

Ta kuwa ji daɗi a shekarun nan. Ba wai ta warke ba, tarin safe bai bar ta ba, amma ta koma mutum. Tana zuwa suna, tana zuwa biki, tana taka ƙafa ta je gidan ƙawayenta a ƙarshen gari. Ta yi ƙiba har na fara yi mata tsiya. Ta taɓa ce mani ita da ta san zaman banza yana da daɗi haka da tun tuni ta fara tari.

Sai Allah Ya ɗauke Malam. Farkon damina ne, ana noman farko. Lafiya lau ya fita, ya faɗi a gona, kafin a kawo shi gida rai ya yi halinsa. Dukanmu ita muke wa kallon mai tafiya, sai ga shi mai lafiyar ne ya riga ta.

Na je na zauna har aka yi addu'ar bakwai. Auta ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. A gidan akwai yayar mamacin, tsohuwa ce da ta dawo gidan ubanta ta zauna, ita ta tsara yadda za a yi kamar yadda ta gada. Zane ɗaya da mayafi ɗaya, ba kitso ba kwalli, ba ɗaga murya, ba leƙa zaure, balle ƙofar gida. Ban ga aibin wannan ba, don ni ma haka na yi tawa lokacin da maigidana ya rasu. Kafin in tafi na ga magungunan a cikin ɗan kwando a gefen gado, na ce mata ta kula, ta ce to. Na koma Kankiya hankalina kwance.

Ban sake zuwa ba sai sadakar arba'in. Tun daga zaure idona ya fara ruwa. An kafa manyan tukwane a tsakar gida, an kwana ana ruwa, itace duk ya jiƙe, hayaƙi ya cika gidan ba ya tashi sama, sai yawo yake a ƙasa. Murhun da ya fi kowane girma kuwa a bakin ɗakin Auta aka kafa shi, don nan ne inuwa. Na shiga na same ta zaune a kan tabarma ta jingina da bango, mata sun cika ɗakin ana gaisuwa. Kowa ya ce mata ya haƙuri, sai ta ce da godiya, shi ke nan. Matan suna yaba mata wai ta iya takaba, ba ta da surutu. Ni kuwa kafaɗunta nake kallo, suna ɗagawa suna sauka kamar mai tuƙin tuwo. Ba kawaici ne ya hana ta magana ba, iskar yin maganar ce babu.

Na fita na sa aka kwashe murhun nan aka mai da shi bayan rumbu. Matan suka yi ta gunaguni, na ji wata tana cewa ga ta Kankiya ta zo. Ban kula ta ba. Da ɗaki ya rage mutane na jawo kwandon. Shuɗin akwai, sabo ma. Na kullum ɗin na girgiza shi a kunnena, ba komai a ciki, bakinsa har ya yi ƙura. Ga kwalaben maganin tari na kemis a jere.

Na kira babban ɗanta bayan ɗaki. Magidanci ne da 'ya'yansa, amma ranar sai da na sa ya sunkuyar da kai. Ya ce shi wallahi bai san iri biyu ba ne, Baba ne ya san komai. Da ya ga tana shan wahala ya ɗauki wanda take yawan dannawa ya kai kemis a Kusada aka ba shi irinsa, aka haɗa mashi da na tari. Ita kuma ba ta taɓa ce mashi ɗayan ya ƙare ba. Na ce gobe ya ɗauki katinta da kwankon da ya ƙare ya tafi asibitin Kankiya. Ya je, suka taimaka suka ba shi, amma suka ce lokacin ganinta ya wuce tuni, kuma yadda ya kwatanta jikinta lallai a kawo ta a duba, magani kaɗai ba zai isa ba.

Da na faɗa mata sai ta girgiza kai. Ta ce tana takaba. Na ce na san tana takaba, ba kasuwa na ce ta je ba, asibiti ne, a je da safe a dawo kafin la'asar. Ta ce in ta gama za ta je. Na fara faɗa irin nawa, na kawo wannan na kawo wancan, ta bar ni sai da na gaji. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Yaya, ke da kika yi taki, kin fita?"

Na ce ni lafiyata ƙalau lokacin.

"Haƙori ya kumbura maki fuska har ido ya rufe. Ina nan. Aka ce a kai ki a cire, kika ce ko zai kashe ki ba ki taka zaure."

Gaskiya ta faɗa. Ba ma wannan kaɗai ba, na yi shekaru ina ba da labarin a gidajen biki, ina ƙarawa da gishiri, ina cewa matan yanzu ba su iya takaba ba. Ban taɓa tunanin akwai mai ajiye maganar tana jiran ranarta ba. Na ce mata haƙori daban, numfashi daban. Ta ce takaba dai ɗaya ce.

Sai na aika gida aka kawo mani kayana, na tare a ɗakinta. Na je na sami limamin garin, dattijo mai sanyin magana, na roƙe shi ya zo. Ya zauna a bakin ƙofa, tana ciki bayan labule. Ya yi mata bayani a hankali, ya ce addini bai hana mai takaba fita don lalura ba, neman magani kuwa yana gaba cikin lalurori, abin da ake so ta kwana a ɗakinta in da hali, in ma ciwo ya sa an kwantar da ita ba laifi a kanta. Ya ce yawancin abin da mata ke tsanantawa al'ada ce, ba a littafi take ba. Yayar mamacin tana gefe tana ji. Da ya gama ta ce ita dai a gidansu ba a taɓa yi ba, amma tunda liman ya faɗa, ba ta hana ba. Na ba tsohuwar nan gaskiyarta, ba ta sake cewa komai a kai ba. Auta ta ce ta ji, ta gode, Allah Ya saka da alheri. Liman ya tafi. Na ce to gobe sai mu shirya. Ta ce ai saura kaɗan.

Wannan kalma ta saura kaɗan na ji ta har na tsane ta. Gero ya yi ciki, saura kaɗan. Gero ya fitar da kai, saura kaɗan. Ni ce na koma mai ba da magani safe da yamma, ina tsaye a kanta kamar mai gadin gona. Tana karɓa ba musu, amma ina lura ba ya shiga. Ta danna, ƙarfin zuƙar babu, sai in ga feshin yana fitowa ta gefen baki. Majinar ta canza kala, zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya. Ƙafafu suka kumbura, in na danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai taso ba. Sallah ta koma yi a zaune, daga baya alwala ma sai na kawo mata buta da kwano har shimfiɗa. Ba ta iya kwanciya, sai dai a tara mata matasai ta jingina. Abinci loma biyu ta ture, wai taunar ma gajiyar da ita take.

Ɗanta ya ɗauko malamin asibitin ƙauyen ya zo har gida. Ya saurari ƙirjin, ya yi mata allurai na 'yan kwanaki, ya ja mu gefe ya ce mana gaskiya abin ya fi ƙarfinsa, iska take buƙata a sa mata, kuma sai babban asibiti. Ɗan ya shiga ya durƙusa gabanta yana hawaye, ya ce Inna ki yi wa Allah ki bari a kai ki. Ta daɗe tana tara numfashi kafin ta amsa.

"Duk wanda ya fitar da ni daga ɗakin nan kafin in gama, ban yafe ba."

Kun san nauyin wannan magana a bakin uwa. Yaron ya tashi ya fita. Daga ranar ko zancen asibiti na ɗauko sai ya ce in rufa mashi asiri. 'Yan'uwansa mata da suka zo daga gidajen aurensu su ma haka, kowace ta yi kuka ta koma. Ban ga laifinsu ba. Ni ma da nake ganin ba a juya ni, maganar ta taka mani burki, na yi ta lallashi, na yi ta jira ko za ta sauko da kanta.

Wata safiya, an fara cin ɗanyar gyaɗa, na kawo mata kunu na ce Auta tashi ki sha. Ta buɗe baki za ta amsa, maganar ta ƙi fita. Na duba leɓɓanta sun yi duhu, farcenta ma haka. Can da kyar ta kira ni da sunan Innarmu. Na ajiye kwanon na fita ba mayafi, na je gidan wani mai motar ɗaukar hatsi na ce ya kawo ta ƙofar gida yanzu. Na dawo na kira matar ɗanta da maƙwabta biyu, na ce su kama tabarma. Ɗan yana tsaye a tsakar gida ya rasa inda zai sa kansa, na ce mashi ya matsa, kada ya taɓa ko gefen tabarmar, ba ruwansa. Da muka ɗaga ta hankalinta ya ɗan dawo, ta kama mani hannu, ta ce a hankali, "Yaya, na faɗa."

Na ce, "Na ji. Ni ba ke kika haife ni ba. Kada ki yafe mani."

Haka muka fitar da ita ta zauren, mata na leƙe ta katanga.

A bayan mota na rungume ta a ƙirjina. Hanyar damina ce, duk ta zaizaye, muna tafe muna tangaɗi. Na ɗauka ba ta san inda take ba, sai na ga idonta a buɗe tana kallon hanya, hawaye na bin kuncinta. Muka wuce Kusada tana kuka, muka hau kwalta tana kuka, ba sauti, don ba iskar yin sautin.

A asibitin Kankiya aka karɓe ta da gaggawa, aka sa mata iska a hanci, aka ɗaura ruwa, allura kan allura. Kwanakin farko ba wanda ya ce mana za ta tashi. Ta tashi ɗin, amma da kyar. Likitan da ya saba ganinta bai yi mana faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mani sauƙi. Ya ce kawai ciwo ya shiga huhun ya daɗe a ciki ba a taɓa shi ba, ya ci wani yanki na ɗan abin da ake tattali, zuciyar ma ta wahala. Ya ce za a riƙe abin da ya saura, amma kada mu sa ran ta koma yadda take bara.

Ta yi kwanaki ba ta yi mani magana ba. In na ba ta abinci ta karɓa, in na gyara mata zane ta bari, amma bango take kallo. Wata rana da yamma ina ɓare mata lemo sai na ji ta ce, ba tare da ta juyo ba, wai na ɗauka bakin mutane ta ji tsoro. Na ce in ba shi ba mene ne. Ta ce akwai shi, ba ta ce babu ba, kuma akwai nawa bakin a ciki. Amma babban abin hanyar ce. Ta ce duk wata a bayan Malam take bin ta, ta san inda yake rage gudu saboda rami, ta san gindin tsamiyar da yake tsayawa ta huta, ta san mai rake da yake saya mata. Ta ce muddin tana cikin ɗakin nan gani take kamar gona ya tafi. In ta hau hanyar nan a bayan wani, to ya mutu ke nan.

Na ci gaba da ɓare lemon.

Da aka sallame ta ta ce a mai da ita ɗakinta ta ƙarasa, aka mai da ita. Sauran kwanakin suka cika ana tsakiyar cirar gyaɗa. Ranar fita takaba muka tashi da wuri. Na haɗa mata ruwan ɗumi na yi mata wanka, aka zo aka yi mata kitso, aka sa mata lalle, 'ya'yanta suka kawo sabon zane da sabon takalmi. A garin in mace ta fita takaba takan zaga gida gida ta yi wa mutane bangajiya da godiya, wannan zagayen shi ne fitar. Auta ta daɗe tana lissafa gidajen da za ta shiga, har da wanda za ta fara da wanda za ta ƙare. Ta danna maganinta, ta yafa mayafi, ta miƙe. Ta ce kada kowa ya riƙe ta.

Ta ratsa tsakar gida a hankali, muna biye. Ta kai bakin zaure ta dafa bango. Ta shiga zauren, ana ganin hasken waje, ana jin yara na wasa a ƙofar gida. Nan ƙafafun suka tsaya. Ta zame ta zauna a kan dakalin da Malam yake ajiye buhuna, tana haki, sabon takalmin ɗaya ya fita daga ƙafarta. Muka jira ta huta. Ta yunƙura, ta koma. Ta sake yunƙurawa, ta koma. Can ta ce a shimfiɗa mata tabarma a nan.

Da labari ya zaga, matan garin ne suka riƙa zuwa, gida gida, suna samunta a zauren tana yi masu godiya da hannu. Kowa na cewa barka da fita.

Ta yi 'yan shekaru bayan nan. Magani kuwa ba ta sake fashinsa ba ko sau ɗaya, ita ke tuna wa mutane lokaci ya yi, ita ke cewa a duba ko ya kusa ƙarewa. Duk wata ɗanta ya ɗauko mota a kawo ta, su biyo gidana. Sai dai daga mota zuwa ɗakina a hannu ake kawo ta. Ba ta sake zuwa suna ba, ba ta sake zuwa biki ba, jikokinta aka yi ta aurarwa tana jin kiɗa daga ɗaki. Daga gado zuwa tabarma, daga tabarma zuwa bakin ƙofa ta sha rana, duniyarta ke nan. Wata huɗu ta ƙi fita da ƙafarta, sauran ranta kuma ƙafar ta ƙi fitar da ita.

Abin da na ɗauka daga wannan ba mai yawa ba ne, amma ina riƙe da shi. Irin wannan ciwo ba ya jiran a gama makoki. Kuma a gidaje da yawa mutum ɗaya ne ke riƙe da lafiyar wani, shi ya san magani, shi ya san ranar asibiti, in ya faɗi ba wanda ke tambayar abin da yake ɗauke da shi. Ana ta rabon gona da awaki, ba a raba wannan. Yanzu in na je gaisuwa, bayan na yi addu'a sai na matsa kusa da matar in tambaye ta ko tana shan wani magani, wa ke karɓo mata, yaushe za ta koma. In na ga an kafa murhu a bakin ɗakin mai tari sai na sa an ɗauke. Ana ce mani mai shisshigi, na saba. Labarin haƙorina kuwa na daina ba da shi.

Zuwana na ƙarshe wurinta, jikin ya yi nisa, mu duka mun san abin da ake ciki. Na zauna a bakin gado na ce Auta mu yafi juna. Ta ce ta yafe mani duniya da lahira. Na daɗe ina juya abin a raina, sannan na ce har da fitar da na yi da ke? Sai ta yi dariya, dariyar ta koma tari, na riƙe ta har ya lafa. Ta share baki da gefen zane, ta dube ni.

"Yaya, ke da ba a hana ki abu. Me ya sa ba ki ɗauke ni tun ranar arba'in ba?"

Bayan kwana kaɗan aka aiko ta rasu, kuma har yau da nake faɗa maku wannan ban samo amsar ba.